Wa Ya Rataya Maka Jaka?

A zamanin da Sarki Duna yake kan gadon Dargaza, babu kalmar da mutanen birnin suka mayar abin wasa irin jakadanci. Mace ta tura maƙwabciyarta aron turmi, sai ka ji ta ce ta yi mata jakadanci. Mahauci ya aika a lallaso masa abokin da suka yi cacar baki, shi ma wai jakadanci ya tura. Duk sa'ad da Nomau ya ji haka a kasuwa sai ya murtuke fuska ya wuce, domin shi ne Jakadan Dargaza, a hannun ubansa ya gaji jakar, kuma ya san kawunan maza nawa kalmar nan ta ci.

A fada kam maganar daban ce. Ɗan aike yana ɗauke da maganar wani ne, da ya faɗa ya sauke kayansa. Jakada kuwa sarki ne da kansa ya yi tafiya da ƙafafun wani. Shi ya sa idan za a tura shi, sarki ke ɗaukar jakar jan fata ya rataya masa a wuya da hannunsa, ya ce, “Bakinka bakina.” Idan ya isa fadar da aka aike shi, ba a ba shi wurin zama sai an tambaye shi wanda ya rataya masa jakar. In aka daidaita, sai a kawo kantun gishiri a raba biyu, mai masauki ya lasa, jakada ya lasa a madadin sarkinsa. Daga nan gari ya buɗe ƙofofinsa, mayaƙa su koma gona, jakada kuma ya zauna baƙo har a gama shagali. Baƙunta ake ce mata don kara, amma kowa ya san kansa ne aka ajiye jingina.

To, shekaru ke nan Dargaza da Birnin Marke suna zubar da jini a kan Mashigin Kada, inda ayarin fatake ke haye gulbin da ya raba ƙasashen biyu. Wanda ya hana wutar mutuwa kuwa Madawaki Barmo ne. Shi ya ɗora Duna a kan gado bayan 'ya'yan sarki sun gama karkashe juna, kuma tun daga ranar ko tari Sarki zai yi sai ya fara duban inda Madawaki yake zaune. Saboda haka ranar da Barmo ya miƙe a majalisa, gero ya nuna a gonaki ana shirin girbi, ya ce a nemi sulhu, sai da fadawa suka kalli juna.

Ya ce, “Allah ya ja zamanin Sarki. Dawakinmu sun rame, matanmu sun gaji da takaba. Ni da na fi kowa son mashi, yau ni ke roƙo a tura jakadanci Marke a lashi gishiri, kowa ya girbe abin da ya shuka.”

Galadima Cindo, tsoho mai jan magana kamar ba ya son ta ƙare, ya gyara zama. “Ranka ya daɗe, maganar Madawaki ta yi daɗi, daɗin nata ne ma ya sa nake son a sake ɗanɗana ta. Bara a nan wurin na kawo wannan shawara, Madawaki ya ce tsufa ya mayar da ni mace. Me ya sauya? In aike za a yi, fada cike take da masu saurin ƙafa. In kuwa jakadanci ne, to, a sani sunan Dargaza za a ɗora a harshen mutum guda, kuma garin da ya lashi gishiri ya karya, babu fadar da za ta sake shimfiɗa wa jakadansa tabarma.”

Madawaki ya yi dariya. “Galadima na son ƙawata abu. Mene ne jakada in ba ɗan aike da aka sa wa babbar riga ba? Ya je ya faɗi abin da aka ce ya faɗa, ya lashi abin da aka miƙa masa.”

Nomau yana zaune a bayan Galadima, maganar ta soke shi, amma bai ɗago kai ba. Sarki yake sauraro. Sarki Duna ya daɗe yana shafa gemu, ya dubi Madawaki kamar yadda ya saba, sannan ya ce a shirya wa Jakada tafiya.

Da safen da za a yi rataya, fatar babban tambarin yaƙi ta tsage ba wanda ya taɓa ta. Sarkin Bokaye, wanda bai taɓa ganin alamar da za ta ɓata wa Madawaki rai ba, ya ce tambari ne ya gaji da kiran jini, alheri ne. Tsofaffin matan fada suka taɓe baki.

Da Nomau ya durƙusa gaban karaga, sai ya ga hannun daman Sarki naɗe da farin ƙyalle. Aka ce kunama ce ta harbe shi. Sarki ya yi wa Shamaki nuni ya ɗauki jakar ya rataya.

Madawaki ya yi farat ya ce, “Ranka ya daɗe, ai hagun lafiyarta lau.”

Sarki ya ce, “Ba a ba da amana da hagu, Madawaki.”

Barmo ya ciji leɓe, ya kuma saki murmushi kamar abin bai dame shi ba. Shamaki ya rataya jakar. Nomau ya ci gaba da durƙuso yana jiran kalmomi biyun da ya saba ji, amma abin da ya fito daga bakin Sarki shi ne, “Allah ya kiyaye hanya.” Ya faɗa yana kallon Nomau cikin ido, kallo mai tsawo, sannan ya kai hannun nan mai ƙyalle ya shafi gemu, ko yamutsa fuska bai yi ba. Nomau ya taɓa shan harbin kunama, ya san ba haka mai shi yake riƙe hannu ba.

Daga nan duk abin da idonsa ya sauka a kai sai ya ƙara masa zargi. Dawakin da aka ba shi da 'yan rakiyarsa tsofaffi ne, wai ƙosassun suna hutawa. A unguwar maƙera guduma na ta tashi, ga shi lokacin lauje ne, amma da ya leƙa, kan kibiya ya gani cike da ƙwarya. A gidajen barade mata na dakan guzuri. A bakin ƙofar gari ya tarar da ƙaninsa Arzika, ɗaya daga cikin gwanayen 'yan baka, yana shafa wa tsirkiya mai. A kafaɗarsa ga kwarin nan mai adon tagulla da Nomau ya kawo masa tsaraba daga wata tafiya.

Nomau ya ce, “Ana batun sulhu kai kana gyaran baka?”

“Farauta ce, Yaya. An ce gwanki sun yi yawa a dajin gabas.” Arzika ya faɗa yana kallon ƙasa. Can ya matso ya riƙe linzamin dokin. “Yaya, in ka lashi gishirin nan, kada ka daɗe a garin. Ka ce ba ka da lafiya, ka ce komai ma.”

“Kai ma ka san al'ada, Arzika. Wanda ya lasa ba ya fita sai an gama shagali.”

“Ni dai na faɗa maka.” Ya saki linzamin ya juya baya, ko sallama bai yi ba.

Duk tsawon hanya Nomau bai ji ɗanɗanon abinci ba. Lissafin a fili yake. In ya ce Sarki ne ya rataya masa jaka, Marke za ta buɗe ƙofa, mazanta su watsu a gonaki, Madawaki ya auka musu, kan farko da zai faɗi kuwa nasa ne, sunan Dargaza ya bi shi kabari. In ya faɗi gaskiya, kuma zarginsa ya tabbata, to mutanen garinsu ne za su faɗa rami, har da ɗan'uwansa da suka sha nono ɗaya. In kuma zargin banza ne, ya rushe sulhun shekaru saboda harbin kunama. Abin da ya fi ci masa rai shi ne bai san inda Sarki ya tsaya ba. Da saninsa aka ƙulla, ko shi ma jan sa ake yi? Ya juya kallon nan na Sarki a ransa har ya gaji, bai gane komai ba.

Sarki Tambai na Marke tsoho ne mai ido ɗaya, ɗayan kibiyar Dargaza ce ta ɗauke shi tun yana Yarima. Ranar da Nomau ya shiga fadarsa ta cika maƙil, an riga an ajiye kantun gishiri a kan sabon faifai, domin labarin sulhu ya riga shi isowa, mutane sun ƙosa su tafi girbi. Sarkin Fadan Marke ya tako ya tsaya gabansa. Tambayar ta daɗe da zama abin baki, har fadawa hira suke yi ƙasa-ƙasa sa'ad da ya yi ta.

“Baƙo, wa ya rataya maka jaka?”

Nomau ya buɗe baki, amsar da ya sha bayarwa ta zo har kan harshensa. Fuskar Arzika ta faɗo masa a rai. Ya dubi gishirin, ya dubi matan da suka leƙo ta katanga da goyo a baya suna jiran a yi guɗa. Masu hira suka daina, suka juyo gare shi.

Ya ce, “Shamakin Dargaza ne ya rataya mini.”

Sarki Tambai ya karkato da idonsa mai gani. “Sarkinka ba shi da lafiya ne?”

“Allah ya taimaki Sarki, an ce kunama ta harbe shi.”

“An ce.” Tsohon ya gyaɗa kai. “Ya ce maka bakinka bakinsa?”

“Ya ce Allah ya kiyaye hanya.”

“To, gaya mini, ina Barmo yake yanzu? Ta wace hanya zai ɓullo, kuma da mutum nawa?”

Nomau ya ce, “Ranka ya daɗe, an tambaye ni abin da ke wuyana, na amsa. Abin da na baro a bayana ba nawa ba ne da zan bayar. Ga kaina, in shi ake so.”

Wani barde ya zare takobi ya ce tunda ba sarki ne ya rataya masa ba, wannan ba jakada ba ne, ɗan aike ne, ɗan aiken abokan gaba kuwa ba shi da alfarma. Tambai ya ɗaga hannu aka mayar da takobin kube. Ya ce a ɗauke gishirin a adana. Sannan ya ba da umarni: a kaɗa gangar sulhu a kan ganuwa, a buɗe ƙofofi duka, maza su fita girbi.

Nomau ya ce, “Allah ya ja zamaninka, ba a lashi gishiri ba.”

Tambai ya ce, “Ni ma ban ce an lasa ba. Ganga na ce a kaɗa. Wanda ba ya laɓe a daji yana sauraro, me ganga za ta yi masa?”

Haka aka yi. Mazan Marke suka fita da lauje a hannu, amma cikin kowane damin kara akwai mashi a kwance. Dawakin yaƙi aka zaga da su ta bayan gari aka ɓoye a kurmin da ke kusa da mashigi. Nomau kuwa aka hau da shi kan ganuwa, dogarai biyu a gefensa, wai ya sha iska. A can ya yi ta roƙon Allah ya sa zarginsa ƙarya ne, ya gwammace a yi masa dariya har ƙarshen ransa a ce tsoho ya tsorata da inuwarsa.

Ba a yi masa dariyar ba. Wata safiya da hantsi ya ɗaga, tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya daga itatuwan hayin gulbi, sai ga tutar Madawaki Barmo ta ɓullo. Rundunar Dargaza ta faɗa ruwa a Mashigin Kada ba ko ɗan leƙen hanya a gaba, don sun ji ganga, sun hango ƙofa a buɗe da maza sunkuye a gona. Aka ƙyale su har rabinsu suka haye suka bazu cikin gero. Sai aka busa ƙaho daga kan ganuwa. Masu girbi suka watsar da lauje suka zaro masu, dawakin Marke suka fito daga kurmi suka datse mashigi. Dokin da ya shiga gero ba ya ganin gabansa, mahayinsa sai dai ya ji mashi a haƙarƙari. Kafin rana ta take tsaka, rundunar ta karye, kowa ya yi ta kansa.

'Yan bakan Dargaza ne kaɗai ba su gudu ba. Suka durƙusa a bakin gaɓa suna sakin kibiya don waɗanda ke cikin ruwa su samu su koma. Nomau ya ƙura musu ido daga nesa, ba ya iya bambanta fuska, yana ganin layinsu na raguwa har dawaki suka rufe su.

Da la'asar aka tara ganima a ƙofar fada. Nomau bai sha wahalar nema ba. Kwarin mai adon tagulla yana can saman tarin, babu ko kibiya ɗaya a cikinsa, igiyarsa ta jiƙe da jini. Ya tsaya a kansa hawaye na bin gemunsa, bai damu da masu kallo ba.

Sai aka jawo Madawaki Barmo a ɗaure, cinyarsa na zubar da jini. Da ya ga Nomau tsaye ba sarƙa, ya tofar da yawu. “Kai ka sayar da mu, ɗan aiken banza!”

Nomau ya ce, “Abin da aka tambaye ni na amsa, Madawaki. An ce wa ya rataya mini jaka.”

Barmo ya ƙare masa kallo. Sai kuma ya fashe da wata irin dariya mara daɗin ji. “Jaka! Ashe nan Duna ya bi da ni. Tun da sassafe nake kansa ya rataya maka da hannunsa, ya ce kunama. Wace kunama? Ni na shiga turakarsa, da idona na ga hannun lafiya lau kafin a naɗe shi. Na ce a raina, tsoron rantsuwa ne irin na raggo, a bar shi, tambayar da ko mai yin ta ba ya sauraron amsa, wa zai tsaya a kanta? Shi kuwa ya san ka. Ya san ko za a yanka ka ba za ka faɗi abin da ba a yi ba. Na ɗauka tunkiya na ɗora a kan gadon Dargaza.”

Yanzu Nomau ya gane kallon nan na Sarki. Duk daren tunanin da ya yi a hanya, duk azabar zaɓi tsakanin gaskiya da ɗan'uwansa, an riga an auna su a fada kafin ya ɗaura sirdi. Sarkin da ba ya iya tari sai da izini ya samo wanda zai cire masa Madawaki, ya kuma biya da mazan garinsa.

Sarki Tambai ya ce, “Ashe jakadancinka ya isa, Nomau. Saƙon ne dai ba a bakinka aka sa shi ba.” Ya sa aka kawo kantun gishiri, ya raba shi biyu da gatari, ya lashi rabi, ya sa aka ciro jakar jan fata daga wuyan Nomau, ya jefa ɗaya rabin a ciki. Ya sauko daga karaga da kansa, ya rataya wa Nomau ita a wuya. “Bakinka bakina. Ka gaya wa Duna na cire masa ƙayar da ke ƙafarsa. Ladana Mashigin Kada, daga yau nawa ne, gaɓa biyun duka. In ya yarda ya lasa. In bai yarda ba, ya duba ya gani ko yana da sauran runduna.”

Nomau ya roƙi abu ɗaya, aka ba shi kwarin.

Ya shiga Dargaza ana koke-koke a kowace unguwa. A fada ya tarar an sauya zama: wurin Madawaki babu kowa, Sarki Duna kuwa ya miƙe a kan karaga kamar an ƙara masa tsawo, ba ya duban gefen kowa. Hannayensa biyu suna kan gwiwa, babu ƙyalle, babu ko tabo. Da yake wani sarki ne ya rataya jakar da ke wuyan Nomau yanzu, dole Sarkin Fadan Dargaza ya tako ya tsaya gabansa kamar bai taɓa saninsa ba.

“Baƙo, wa ya rataya maka jaka?”

Nomau bai dubi mai tambayar ba. Hannun Duna yake kallo.

“Sarki ne,” ya ce, “da hannunsa.”

Duna ya miƙo hannun dama don karɓar gishiri. Nomau ya sauke kwarin Arzika daga kafaɗa, ya ɗora masa a tafin, ya ce, “Ranka ya daɗe, fara riƙe wannan tukuna. Shi ne farkon abin da ka aike ni in kawo.”